Gidan Telka a Tervaranta

Tervaranta, 6 ga Janairu, 1974

Ƙanwata Onerva,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sabuwar shekara ta same ki lafiya. Ni dai lafiya lau, in ban da kafaɗar nan ta dama da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Safar da kika aiko ta iso. Ta yi mini girma, amma in na sa tsohuwa daga ciki sai ta zauna daidai.

Kin ce in ba ki labarin gari. Garin ma babu shi, balle labarinsa. Su Tolonen sun buga katako a tagoginsu tun Nuwamba, sun bi 'ya'yansu Suwidin ɗinku. Da su gida biyar ke nan. Yanzu in kika tsaya a tsakiyar tafki kika waiwayo, hayaƙi ɗaya za ki gani, shi ne nawa. Motar gidan waya tana tsayawa a bakin titi Talata da Juma'a. In Reino direba yana jin magana mukan taɓa zancen sanyi, in ba ya ji sai mu ɗaga wa juna hannu. Goggo Lempi tana nan a ɗakinta kusa da coci, ƙafa ta gaji amma baki bai tsufa ba.

Kin sake kawo zancen in taho wurinki, wai masaƙarku na ɗaukar maza. Na gode. To amma wa zai tarbi baƙuwata? Kin san uttun nan, gungumen da Baba ya rarake ya huda masa ƙofa ya rataye a babban itacen bakin ruwa don telka, agwagwar dajin nan, ta riƙa yin ƙwai a ciki. Agwagwa ɗaya ce ke shigarsa bazara bakwai a jere, na gane ta da wani ɗan farin gashi a ƙeyarta. Ranar da ƙanƙarar tafki ta fashe, ko washegari, sai in ji fiton fukafukanta tun ban gan ta ba. Na daina ɗibar ƙwan, shekara uku ke nan. Lokacin da muke mu shida a gida, a ɗebi biyar a bar mata uku abu ne mai dalili. Yanzu wa zai ci? Nakan dai zauna a kan dutsen nan in jira ranar da za ta kira 'ya'yan su diro. Bara goma sha ɗaya ne.

Ki rubuto in kin samu sarari, ba dole ba ne.

Yayanki,
Aulis


Borås, 27 ga Janairu

Yaya Aulis,

Na samu wasiƙarka, na yi murna ƙwarai. Lafiyata ƙalau, sai tarin ƙurar auduga, wanda kowa a masaƙa yake da nasa. Ka riƙa shafa wa kafaɗar nan mai bayan ka fito daga wankan tururi a sauna, na san ba za ka yi ba, amma dai na faɗa.

Na ƙirga fa. Mutanen gari duka layi biyar ka ba su, agwagwa ta samu goma. In ka ga dama ka aiko mini da hotonta in san surukata.

Ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Ƙungiyar 'yan ƙasarmu ta nan za ta yi nunin zane-zane a watan Mayu, a zauren ɗakin karatu na gari. An ce kowa ya kawo abin da yake nufi in ya ce Finland. Ka san shekara shida ke nan ina taɓa zane in na taso daga aiki. Mu goma sha huɗu ne, kuma wallahi goma sha ɗaya farar dinyar nan mai dogon wuya suka zana a kan shuɗin tafki. Sirkka da muke inji ɗaya, 'yar birni ce, ba ta taɓa ganin dinyar ba sai a jikin kati. Na ce mata, "Sirkka, wannan tsuntsuwa ce ko butar shayi?" Ta ce, "To uwar gwaninta, ke zana mana taki mu gani, 'yar daji." Na dawo gida na zana telka. Sau tara na zana ta, duk taran kamar an cusa musu ciyawa an ajiye a kan kabad.

Sai na gane ba tsuntsuwar nake tunawa ba. Ramin nake tunawa. Ka tuna kana ɗora ni a wuya in zura hannu har kafaɗa, in ji ɗumin gashin da ta shimfiɗa, Baba yana ƙasa yana cewa, "Ki ƙirga da yatsa, ki bar mata uku"? Wannan ne ƙasata, Yaya. Ba tuta ba, ba dinya ba. Mutanen da suka gina wa tsuntsun daji gida, suka ci daga gare shi, suka bar masa rabonsa. Fenti ba zai iya wannan ba, na gwada.

Tunda ka ce ka daina ɗibar ƙwai, gungumen ba ya da sauran aiki, ruɓewa kawai zai yi a can. Ka aiko mini da shi. Zan rataye shi a tsakiyar zaure, zanen tara su kewaye shi. Surukar tawa ka haɗa mata sabo na katako, ai agwagwa ce, rami kawai take nema, ƙila ma ta gode maka da sabon ɗaki. Shekara tara da barina gida ban taɓa roƙon ka komai ba. Wannan ne na farko.

Ka gaida Goggo.

Ƙanwarka,
Onerva


Borås, 3 ga Maris

Yaya,

Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Ni lafiya, tarin ya yi sauƙi.

Mako biyar yau. Kullum in na dawo sai na leƙa akwatin wasiƙu tun ban cire safar hannu ba, babu komai sai takardun talla. Na san ka da shiru, amma shirunka kala-kala ne, kuma wannan na san shi. Irinsa ka yi mini bayan rasuwar Mama, da ban zo jana'iza ba. Na gaya maka ba su ba ni izini a wurin aiki ba, ka ce "To." Shekara huɗu ina ɗauke da wannan "To" ɗin. In abin yana ranka har yanzu, ka fito ka faɗa, kada ka rama a kan ruɓaɓɓen itace. Ni ma Baban nan ubana ne.

Kana ganin kai kaɗai ne ke zaune shi ɗaya don kai ne a daji. Ni a hawa na biyar nake, gida arba'in a ginin, kuma ranar Lahadi nakan wuni ban buɗe baki ba sai in zan sha kofi. Matar da ke ƙofa da ƙofa da ni shekara uku tana kirana "'yar Finland", ba ta taɓa tambayar sunana ba. A masaƙa ƙarar inji ba ta barin a yi hira. Yarensu yana fita daga bakina kamar ina tauna tsakuwa, namu kuma ya fara zame mini. Shekaranjiya na nemi sunan abin da muke kwashe toka da shi na rasa, na zauna na yi kuka a kan abin kwashe toka. Kai kana da tafki, da gidan, da kaburbura, da komai. Abu ɗaya na ce ka ba ni in taɓa da hannuna.

In ba za ka bayar ba, ka rubuta "a'a". Kalma ɗaya ce, ba za ta cinye maka tawada ba.

Onerva


Tervaranta, 12 ga Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ki daina kuka a kan abin kwashe toka.

Babu komai a raina game da Mama. Ban taɓa riƙe ki ba. "To" ɗin da na ce, to ɗin ke nan.

Na sauke shi ranar Asabar, tun ƙanƙara na da ƙarfin ɗaukar tsani. Na naɗe shi da tsohon bargon doki na sa a akwati, Reino ya kai shi tashar jirgi a Kajaani. Ya ce kwana goma zuwa mako biyu. Kada ki cire gashin da ke ciki. Kada ki ajiye shi kusa da abin ɗumama ɗaki, zai tsage. Alamar gidanmu da Baba ya sassaƙa tana ta baya, ki juya ta inda za a gani in kina so.

Na haɗa sabo da katakon da ya rage daga rumfar itace. Ya yi fari da yawa, sai na rataye shi a sauna kwana huɗu ya sha hayaƙi, na zuba masa ɓawon ruɓaɓɓen itace a ƙasa. Yana nan a kan ƙusar da tsohon yake. Ba komai.

Allah ya ba da sa'ar nunin.

Aulis


Borås, 12 ga Mayu

Yayana na kaina,

Gaisuwa da godiya, da fatan kai da kafaɗarka kuna zaman lafiya. Ka yafe mini wasiƙar nan ta Maris, zafin kai ne. Ka yafe mini kuma da na yi wata biyu kati ɗaya kawai na aiko, aiki ne ya sha mini kai.

Yaya, da ka gani! An buɗe ranar huɗu ga wata, sai ƙarshen Yuni za a rufe. Na rataye gungumen daidai tsayin kafaɗar mutum, na rubuta a ƙasa: "Zura hannu." Mai kula da zauren, wani Basuwide mai tsabtar tsiya, ya ce mini a nan ba a taɓa kayan nuni. Na ce masa wannan in ba a taɓa ba to ba a gani ba. Ya ce, "Akwai ƙuma a ciki?" Na ce, "Akwai, amma 'yan ƙasarmu ne, ba sa magana da baƙo." Bai yi dariya ba.

Mutanenmu layi suka yi. Maza masu aikin ƙarfe, waɗanda ko a jana'iza ba ka ganin fuskarsu ta motsa, sai mutum ya naɗe hannun riga ya zura, ya zare, ya fita waje shan taba ba tare da ya kalli kowa ba. Wata tsohuwa daga can arewa ta daɗe hannunta a ciki, sannan ta juyo ta ce da ni, "'Yar nan, ku ƙwai nawa kuke bari?" Na ce uku. Ta ce, "Mu biyu muke bari. Ku masu hali ne." Sai ta kama hannuna ta riƙe, ta ƙi saki. Sirkka ma ta zura nata, ta ce, "Shi ke nan, 'yar daji, kin kashe mana dinya." Zanena tara kuwa babu wanda ya tsaya a gabansu, kuma ko a jikina.

Akwai wani mai gemu da ya zo daga Helsinki. Ya zagaya gungumen sau uku, ya ce wannan ya faɗi gaskiyar mutanenmu da dajinsu fiye da duk abin da ya gani bana. Yana so a kai shi Stockholm a watan Agusta, daga nan Helsinki da kaka, da sunana a jiki. Sunana, Yaya! Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa jin ina tsaye a kan ƙafata ba sai wannan makon. Kai ka yi mini wannan.

Ya labarin tafki, ya fashe? Surukata ta ga sabon ɗakinta?

Taka,
Onerva


Tervaranta, 26 ga Mayu

Ƙanwata,

Gaisuwa. Lafiya lau. Na ji daɗin labarin nunin, na karanta sau biyu. Tsohuwar nan ta yi gaskiya, mutanen arewa biyu suke bari. Ki bar mai gemun ya kai shi duk inda zai kai.

Tafki ya fashe ranar sha bakwai. Ta zo sha takwas. Ta duba, ba ta zauna ba. Ba komai, daji da faɗi.

Ban shuka dankali ba tukuna, ƙasa ta yi sanyi.

Aulis


Daga ɗakina kusa da coci, 2 ga Yuni

Onerva,

Goggonki Lempi ce. Ina gaishe ki. Lafiyata kada ki tambaya, gwiwa biyu ne kuma duka sun yi mini tawaye. Ban saba rubuta miki ba, hannuna yana rawa, sai ki yi haƙuri ki karanta a hankali, don ba zan maimaita ba.

Ranar Juma'a Reino ya ce mini, "Goggo, ɗan ɗan'uwanki zuwana uku ke nan bai fito bakin titi ba." Na ce ɗauke ni. Ya sauke ni, na taka kilomita ɗaya da sanda, Allah kaɗai ya san yadda na kai. Na tarar da yayanki zaune a kan dutsen bakin ruwa, shanun biyu suna ta kuka ba a kai su makiyaya ba, gonar dankali ko juya ta ba a yi ba, alhali kowa ya shuka tun mako guda. Na ce, "Aulis, mutuwa aka yi?" Ya ce, "Sannu da zuwa, Goggo, bari in ɗora kofi." Kin ji irin amsar gidanku.

Sai da na sha kofi uku na tatso maganar daga bakinsa, ɗigo-ɗigo. Agwagwar ta zo. Ta zagaya itacen, ta maƙale a bakin sabon akwatin ta leƙa, ta koma ruwa. Kwana uku tana haka, safe da yamma, shi kuma yana laɓe a bayan sauna don kada ya firgita ta. Ya sauke akwatin ya shafe shi da laka, ya mayar. Ya sake saukewa ya faɗaɗa ƙofar, da wannan kafaɗar tasa. Rana ta huɗu ta tashi ta bi ta kan tsibiri, shi ke nan. Na ce, "To don agwagwa za ka bar shanu da yunwa?" Ya ce, "Goggo, ita kaɗai ce ke dawowa."

Kin ji? Kowa ya tafi ya tafi ke nan, har da ke. Ita kaɗai ce ke tafiya ta dawo. Duk hunturun nan da yake kwashe dusar ƙanƙara shi kaɗai, ranar nan yake jira. Ya daina ɗibar ƙwan ne don ya daina ganinta a matsayin abinci, ke kuma kika karanta kika ce gungume ya gama aiki. Kin yi makaranta fiye da kowa a gidan, amma wasiƙar yayanki ta gagare ki.

Na ce masa, "Me ya hana ka ce mata a'a?" Ya ce mako biyar yana neman yadda zai rubuta, duk wadda ya fara sai ya ga kamar yana kuka da kansa ne, sai ya jefa a murhu. Wai kuma ba ki taɓa roƙonsa komai ba. Haka ubanku yake, haka kakanku. Namiji a gidan nan ya gwammace ya yanke hannunsa ya miƙa maka da ya ce "ina bukatarsa". Kuma suna ganin wannan ne mutunci.

Bai san na rubuto ba. Ba na ce ki yi kaza ba, ke ba yarinya ba ce. Na dai ce ki sani, tunda an ce har Helsinki za a kai ki.

Lempi


Borås, 10 ga Yuni

Yaya Aulis,

Ina gaishe ka, ban san ko ina da bakin tambayar lafiyarka ba. Wannan wasiƙar ba ta gidan waya za ta bi ba. A cikin ramin zan sa ta, a kan gashin, don in ka zura hannu ka same ta. Na kasa aiko ta gaba, kunya ta hana ni. Na fi so ka fara ganin gungumen kafin ka ga rubutuna.

Goggo ta gaya mini. Na ɗauko wasiƙarka ta Janairu na sake karantawa, komai yana nan a rubuce ƙarara, ni ce na ɗauki layin da ya yi mini na bar sauran. Na tsaya a zaure ina gaya wa mutane mu ne masu barin wa tsuntsu rabonsa, alhali ni na kwashe duka, ban bar maka ko ɗaya ba.

Na sauke shi jiya. Mai tsabtar nan ya ce saura mako uku a rufe, ba a yin haka. Na ce an yi. Mai gemu na rubuta masa cewa mai gidan yana bukatar kayansa. In yana son zanen agwagwa tara, ga su nan. Na san ba zai so ba. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini zafi, har yanzu yana yi. Amma ban taɓa tsayawa a wannan ƙasar da ƙafata ba, Yaya. Da taka nake tsaye. Duk ranar da abin ya ishe ni, nakan ce ai Aulis yana can, hayaƙi yana tashi, akwai inda ake kira gida. Shekara tara ina ce maka ka taho, kuma duk lokacin da ka ƙi sai in ji sanyi a raina. Ban taɓa gaya maka ba.

Na san bana ta wuce. Amma ka mayar da shi kan ƙusarsa ya sha ruwa da iska, ƙamshin zauren nan ya fita, ƙila baɗi ta leƙo. Kada ka hau tsani kai kaɗai. Hutun masaƙa yana farawa shida ga Yuli, zan zo, ni zan hau kai ka riƙe. Kada ka je ko'ina.

Ƙanwarka,
Onerva


Tervaranta, 13 ga Yuni

Ƙanwata Onerva,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, kafaɗa da sauƙi.

Na yi tunani a kan maganar da kika daɗe kina yi. Kina da gaskiya, zaman ya isa haka. In har masaƙar na ɗaukar maza, ki yi mini magana. Ba na zaɓen aiki, shara ma zan yi. Yaren ne ban iya ba, amma ni da ma ba mai yawan magana ba ne, ba za su ga bambanci ba.

Shanun na kai wa ɗan Kawu Uuno a hayin kogi, zai riƙe su da kyau. Jirgin ruwan na kife shi a ƙarƙashin rumfa. Tagogi na gama buga wa biyar katako, saura na kicin, shi sai ranar tafiya don in ga abin da nake ci. Ban yi zaton aikin yana da sauri haka ba, wuni ɗaya ne ashe.

Zan bi Reino ranar Talata sha takwas, in kwana a jirgin ƙasa, in hau na ruwa a Turku. In lissafina daidai ne zan iso ranar Alhamis da yamma. Kada ki bar aiki don tarbata, ina da adireshin, zan zauna a matakala in jira. Ba zan daɗe a ɗakinki ba, da na samu wuri zan ba ki sarari.

Kin ce sai ƙarshen wata za a rufe nunin. To zan same shi ke nan. Ina so in ga yadda kika rataye shi. Ko ana barin mutum ya ɗan zauna a wurin, in bai dami kowa ba?

Sai na iso.

Yayanki,
Aulis


Daga ɗakina kusa da coci, 30 ga Yuni

Aulis da Onerva,

Ina gaishe ku ku biyu a takarda ɗaya, tunda yanzu rufi ɗaya ya rufe ku. Ina fata kun isa ga juna lafiya. Fata nake, don kwana goma sha biyu babu wanda ya ga damar rubuto mini ko layi ɗaya. Gwiwoyina suna nan yadda kuka bar su.

Aulis, ranar Talata ka tsaya a ƙofata ka miƙo mini makulli ka ce, "Goggo, riƙe." Ko zama ba ka yi ba. Ranar Juma'ar da ta biyo sai ga Reino yana ƙwanƙwasa mini, hula a hannu, ya ce, "Goggo, akwai akwati daga Suwidin da sunan Aulis. Na kai bakin titi na yi ta hon, sannan na tuna ni na kai shi tasha." Na ce shigo da shi. Ya buɗe, muka tsaya mu biyu muna kallon gungumen ubanku a tsakar ɗakina. Reino ya ce, "To fa." Bai ƙara komai ba, shi ma ɗan garin nan ne.

Na zura hannu na samu takarda. Na karanta, ba zan yi ƙarya ba, sau biyu ma. Ga ta nan na haɗo a cikin wannan ambulan. Onerva, kada ki miƙa masa ki shige kicin. Ki zaunar da shi ki karanta masa da bakinki, har layin ƙarshe. Kai kuma in ta gama kada ka ce "To."

Ni na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wauta mai tsabta irin taku ba. Ɗaya ta rufe baki ta aiko da gida, ɗaya ya rufe baki ya bar gidan. Ƙila ma a tashar Kajaani kuka yi saɓani, kai kana hawa ana sauke shi. Kowannenku ya ba da abin da ya fi so, kuma babu wanda ya samu komai.

Ranar bikin tsakiyar bazara na sa Reino ya kai ni Tervaranta, har ƙofar gida wannan karon. Ban shiga ba. Ciyawa ta fara cin hanyar rijiya. Shekara saba'in da tara ina ganin ana hura wuta a bakin tafkin nan ranar bikin, bana ko hayaƙi babu, daga wannan gaɓa har waccan. A gidan nan aka haife ni, kun manta. Na zauna a kan dutsenka, Aulis, na ɗan jima. Ban ga agwagwa ba, kada ka tambaya.

Reino ya ce zai rataye gungumen in ina so. Na ce a'a. Ba a rataye uttu a gidan da babu kowa. Wanda ya rataye shi ne ke share shi, ya zuba sabon ɓawo, ya kore kurege, ya jira. Ba aikin direba ba ne. Yana nan a gefen gadona, nesa da murhu, ina tuntuɓe da shi kullum.

Ba zan ce wa ya dawo wa ya zauna ba, ku kuka san abin da za ku iya. Makulli yana wurina, gungume yana wurina. Amma ni ba zan hau tsani ba, kuma ba na jin ina da hunturu da yawa da zan riƙe muku su. Ɗayanku ya zo.

Goggonku,
Lempi